Ƙanena ya yi jifa da littafin da na kai masa

Wasiƙar wannan makon ta fito daga wata yarinya 'yar shekara 17. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidansu.

"Anti, ƙanena ɗan shekara 15 ne. Wata 14 ke nan da suka yi hatsarin mota shi da Abbanmu. Abba ne ke tuƙi, ya fita da 'yan ƙujewa, shi kuwa ƙanena ya karye a baya. Likita ya ce lakar ta yanke, daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai. Na karanta wani littafin labari na matasa a kan yaro irinsa. Yaron ya dage da atisaye, bai taɓa karaya ba, iyayensa sun yi faɗa sun shirya, a babin ƙarshe ya taka da ƙafarsa ya karɓi takardar gama makaranta. Na yi kuka sosai, na kai wa ƙanena. Ya karanta rabi ya yi jifa da shi, ya ce kada in sake kawo masa ƙarya. Yanzu ba ya son zuwa gashin ƙashi, makaranta ma ya daina. Rannan ya ce da ma shi ya mutu a motar. Abba ba ya iya daɗewa a ɗakinsa. Shi da Umma ba sa magana sai a kan kuɗin magani, su ƙare da faɗa. Ni ke tashi da dare in juya shi, makina ya faɗi a makaranta, babu wanda ya lura. Wani lokaci ina jin haushinsa, sai in ga kamar ni muguwa ce. Anti, rashin juriya ne ya hana shi warkewa? Yaya zan yi ya zama kamar yaron littafin?"

'Yata,

A'a. Ba rashin juriya ne ya hana ƙanenki tafiya ba. Na fara da wannan ne domin ina zargin ba ke kaɗai kike ɗauke da tambayar ba a gidanku. Ke ce dai kika iya furta ta.

Bari in faɗa miki abin da ya faru a bayansa. Laka igiya ce mai taushi, kaurinta bai wuce ɗan yatsanki ba, tana bi ta cikin ƙasusuwan baya, ita ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi ta dawo da saƙon gaɓoɓi. Ƙashi in ya karye yana haɗewa. Fata in ta yage tana rufewa. Jijiyar hannu ma in ta yanke aka ɗinke ta, tana iya sake tsirowa, kamar milimita 1 a rana. Laka ba haka Allah ya yi ta ba. Inda ta mutu tabo ne ke cike gurbin, jijiyoyin kuma ba sa ƙetare tabon. Ƙafafun ƙanenki suna nan, ƙwaƙwalwarsa tana aika umarni kamar yadda ta saba, hanyar ce ta tsinke a tsakani. Ko zai kwana yana cewa yatsansa ya motsa, saƙon ba ya isa.

Likitoci suna raba wannan rauni kashi biyu. Akwai wanda wasu jijiyoyin suka tsira, saƙo yana ɗan ratsawa. Akwai wanda babu ji babu motsi har can ƙarshen jiki. Suna auna shi da ma'auni daga A zuwa E, A ne mafi tsanani. Wanda wasu jijiyoyinsa suka tsira zai iya samun ci gaba mai yawa, wasu har su taka, kuma atisaye yana taimaka musu ƙwarai, domin akwai abin da za a gina a kansa. Idan yaron littafinki yana da kama a duniya, to a cikin waɗannan yake. Mafi yawan abin da zai dawo kuma yana dawowa ne a watanni 6 na farko, daga nan ya riƙa raguwa har zuwa shekara ko fiye kaɗan. Wanda aka ce masa A, wata 14 ta wuce babu canji, da wuya ƙwarai ya sake tafiya kamar da. Ba na rufe ƙofar rahamar Allah, kuma kada ku daina addu'a. Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba, ƙanenki ya riga ya ce ya gaji da ita. Ku roƙi likitansa ya faɗa muku harafin da yake kai da abin da harafin ke nufi, a gaban yaron. Kada a yi maganar a bayan idonsa.

Christopher Reeve, ɗan wasan fim na Amurka, ya faɗo daga kan doki a 1995 ya karye a wuya. Yana da kuɗi, yana da manyan likitoci, ya shafe shekaru yana atisaye na sa'o'i a kullum. A 2000 ya iya motsa yatsa ɗaya, duniya ta yi ta mamaki. Ya rasu a 2004 bai sake takawa ba. Wa zai tsaya ya ce mutumin nan bai dage ba?

To me ya sa ƙanenki ya yi jifa da littafin? Ke ƙauna kika kai masa, na sani, ina jin shi ma ya sani. Amma ki kwanta a gadonsa ki karanta. Kowane babi yana cewa yaron nan ya tashi ne saboda ya ƙi karaya. Wanda yake kwance wata 14 abin da zai ji shi ne: "Kai da ba ka tashi ba, laifinka ne." Ga ciwo, ga tuhuma a kai. Jifan nan da ya yi ban ɗauke shi rashin kunya ba. Na ɗauke shi alamar cewa yaron yana da hankali, ya san jikinsa, kuma har yanzu yana da sauran zuciyar da zai ce a'a.

Ba na ƙin irin waɗannan littattafai. Sun koya wa yara masu lafiya da yawa tausayi, ke ma littafin ne ya ba ki wurin zubar da hawayen da kika rasa inda za ki kai. Abin da ke damuna da yawancinsu shi ne an rubuta su ne domin mai tsaye a gefen gado, an manta da na kwance. Marubuci yana da ikon ya tsallake wata shida da layi ɗaya. Zai tsallake robar fitsari, ya tsallake zanin gadon da ya ɓaci da asuba, ya tsallake ranar da abokai suka daina zuwa. Faɗan iyaye zai ba shi babi biyu ya sasanta su, domin dole littafi ya ƙare. Gidanku ba ya tsallake ko dare ɗaya. Idan kika auna gidanku da littafin, kullum gidan ne zai faɗi, alhali ba shi ne ya gaza ba.

Yanzu ga labarin da nake so ki riƙe. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin waɗanda lakarsu ta lalace ba sa daɗewa a duniya. Abu biyu ke kashe su: gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da ke hawa zuwa ƙoda. Wani likita mai suna Ludwig Guttmann, Bayahude da ya gudo daga Jamus zuwa Ingila a 1939, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a 1944. Bai gyara lakar ko mutum ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya sa a riƙa juya kowane majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana, a kula da fitsari da tsafta, a tashe su zaune, a koya musu sana'a, a sa su wasanni. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, mutum 16 suka yi gasar harbin kibiya a kan kekunansu a harabar asibitin. Wannan ne ya girma har aka yi babbar gasa a Rum a 1960, da 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23. Cikinsu akwai Margaret Maughan, malamar makaranta da ta yi hatsarin mota a Malawi a 1959. Ta ci lambar zinariya a harbin kibiya, ta rayu har 2020, ta haura shekara 90, duk a kan keke.

Kada ki ɗauki wannan ma ki kai masa ki ce ga wadda ta ci zinariya, sai ya zama wani littafin. Abin da nake so ki gani daban ne. Juyin nan da kike tashi yi cikin dare shi ne abin da ya mayar da wannan rauni daga hukuncin mutuwa zuwa rayuwa mai tsawo. Wata 14 kina yin aikin da likitan nan ya gina sunansa a kai, babu wanda ya ce miki sannu. Sannu, 'yata. Allah ya saka miki.

Akwai albishir a cikin wasiƙarki da ba ki lura da shi ba. Kin ce daga cibiya ne zuwa ƙasa. Ƙasusuwan baya na sashen ƙirji guda 12 ne, cibiya tana daidai da jijiyar na 10. Ma'ana hannuwansa, kafaɗunsa, ƙirjinsa da saman cikinsa duk suna aiki. Mai rauni a wannan gurbi, in ya samu horo da keke daidai jikinsa, yana iya sauka daga gado zuwa keke da kansa, ya yi wanka, ya sa tufafinsa, ya fitar da fitsarinsa da roba mai tsafta duk awa 4 zuwa 6, ya tsara lokacin bayan gida, ya je makaranta, nan gaba har ya tuƙa motar da aka mayar da birkinta da totur ɗinta hannu. Wannan abu ne da ake koyarwa kullum a wuraren gashin ƙashi, ba sai jarumi ba.

Shi ya sa nake ganin na san dalilin da ya ƙi zuwa gashi. Ina jin tun farko an ce masa "daure ka je domin ka tashi." Ya je, ya je, bai tashi ba. Ke ma da za ki daina. Ku je wurin mai gashin, ke ko Umma, ku ce a sauya manufa, a kuma bar yaron ya zaɓi abin da yake so ya fara iyawa. Wataƙila ya ce shiga banɗaki ba tare da kowa ba. Ɗan shekara 15 da yayarsa mace ko mahaifiyarsa ke ganin tsiraicinsa kullum yana cikin wata azaba da ba zai taɓa faɗa ba, kuma rabin fushinsa daga nan yake. Ranar da ya rufe ƙofar banɗaki da hannunsa za ki ga fuskar da kika daɗe ba ki gani ba. A koya masa ɗaga jikinsa daga kujerar keke duk minti 15 zuwa 30, da duba fatarsa da madubi safe da yamma, musamman ɗuwawu, ƙugu da diddige. Wurin da ya yi ja ko ya yi duhu ya ƙi komawa daidai, a ɗauke nauyi daga kansa nan take a nuna wa nas. A koya masa juya kansa a gado, a kuma tambaya ko zai iya kwanciya rub da ciki da matasai a inda ya dace. Ranar da ya iya wannan, ke ma kin samu barcinki.

Maganar da ya yi ta cewa da ma ya mutu, ita ce mafi gaggawa a duk wasiƙar, kada ta kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu raunin laka suna nuna alamun ciwon damuwa da ya kai a yi magani. Ciwo ne, yana da magani, kuma shi kansa yana kashe sha'awar atisaye da makaranta da abokai. Ki faɗa wa Umma yau, ku faɗa wa likitansa da kalmomin da ya yi amfani da su. Magungunansa su koma hannun babba, a riƙa ba shi na lokaci ɗaya. In ya sake faɗa, kada ki yi saurin rufe masa baki da "haba, daina faɗin haka." Ki zauna ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar mutum, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Ku kuma tambayi masu gashi ko sun san wani saurayi da ya shekara biyar ko goma a kan keke yana harkokinsa. Awa ɗaya da irin wannan mutum za ta yi masa abin da mu masu ƙafafu ba za mu iya ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na zo kanki.

Ke ba muguwa ba ce. Yarinya ce da ba ta yi barci mai kyau ba fiye da shekara, ta rasa ƙanen da ta sani, ta rasa hankalin iyayenta, an kuma bar ta da aikin da asibiti ke raba wa mutum uku. Haushin da kike ji gajiya ce. Na zauna da masu jinya da yawa, ban taɓa ganin wanda ya daɗe a jinya bai ji irinsa ba, har da iyaye mata, waɗanda ba sa iya faɗa sai sun rufe fuska. Muguwa ba ta tashi ƙarfe biyun dare ta juya wanda take jin haushi.

Amma ba daidai ba ne a bar miki dare ke kaɗai, kuma shirunki ne ya sa abin ya zauna haka. Iyayenki sun ga kina yi ba ki koka ba, suka ɗauka kina iyawa. Ki samu Umma lokacin da babu faɗa, ki kai mata takardar sakamakonki ta gani da idonta, ki ce: "Umma, ina son in ci gaba da taimakawa, amma ba zan iya kowane dare ba. A raba mana." Ki zo da tsari a rubuce, dare kaza naki, dare kaza na wani, daren jarrabawa ba naki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki kuma faɗa wa malama ɗaya da kika yarda da ita halin da ake ciki a gida. Malamai suna iya sassauci da yawa in sun sani.

Abbanku kuwa, ina tausayinsa ƙwarai. Mutumin da ke riƙe da sitiyari ya fita lafiya, ɗansa ya kwanta. Duk shigar da zai yi ɗakin nan, ranar ce yake sake gani. Ina jin ba ƙin yaron yake ba, kallonsa ne ba ya iyawa. Sai dai yaron bai san haka ba. Abin da yake gani shi ne uban da ke tsayawa a bakin ƙofa ya juya, zai kuma fassara shi da cewa ya zama abin kunya. Uba irin wannan ba a jawo shi da dogon zance, da aiki ake jawo shi. Wanka, ɗagawa, kaiwa gashi, gyaran ƙofar banɗaki, yin gangara a inda matakala take: duk aikin namiji ne ga ɗa namiji, kuma shi ne zai sauke wa yaron kunyar da na ambata. Kina iya ce masa: "Abba, ya fi sakewa in kai ne ka yi masa." Gaskiya ce, kuma ƙofa ce kika buɗe masa ba tare da kin ɗaga masa murya ba.

Faɗan kuɗin magani, kuɗin na ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. A ƙarƙashinsa akwai maganar da Umma ba ta faɗa ba, da wadda Abba yake tsoron ji. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mutum biyu da aka jarabta da ɗansu. Sasanta su ba aikinki ba ne, kuma ina roƙonki ki sauke wannan kayan. A littafi yarinya na iya yin jawabi ɗaya iyaye su rungumi juna. A gida in kika shiga tsakani, ke za ki kwana da ciwon kai. Abin da za ki iya shi ne ki samu babba ɗaya da su biyun ke jin nauyinsa, ki faɗa masa abin da kika faɗa min. Ki kuma roƙe su abu ɗaya: kada a yi lissafin kuɗi inda yaron zai ji. Yana ji, yana kuma tara kowace kalma a matsayin shaidar cewa shi nauyi ne.

Makaranta a fara maganarta tun yanzu. Kansa lafiya lau yake. Abin da ke tsakaninsa da aji matakala ce da banɗaki da idon mutane, biyun farko kuma ana gyara su in an zauna da hukumar makarantar. Na ukun yana sauƙi in aboki ɗaya ya tsaya kusa. Ki kira wanda ya fi kusa da shi, ki ce ya zo ba gaisuwar mara lafiya ba, ya zo su yi hirar da suka saba, su yi musu, har ya tsokane shi in ta kama. Da yawa cikin abokan da suka ɗauke ƙafa ba su san abin da za su ce ba ne kawai.

Littafin kuma ki ɗauke shi ki ajiye a ɗakinki, naki ne, ya yi miki amfani. Sannan ki shiga wurin ƙanenki a lokacin da ba juyi ko magani ya kai ki ba. Ki ja kujera ki zauna, idonki daidai da nasa. Ki ce: "Ka yi haƙuri da littafin nan, ban yi tunanin yadda za ka ji ba. A ina ka tsaya? Wane wuri ne ya fi zama ƙarya?" Sai ki yi shiru. Ƙila ya ce ki fita. Ki fita, ki dawo gobe. In ya fara magana kada ki gyara masa ko kalma ɗaya, ko da abin da ya faɗa ya yi miki ɗaci.

Ki rubuto min bayan wata ɗaya ki faɗa min yadda aka raba daren, da abin da likita ya ce. Allah ya ba shi lafiya, ya sassauta muku.